Wasiyya da rajistar kasuwanci: Tanadin doka don kada shago ya bi mai shi kabari

A manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari a Kano, da Wuse a Abuja, da Mile 12 a Legas, an saba ganin shagon da ya yi shekaru yana bunƙasa a garƙame tun kafin a yi sadakar arba'in ta mai shi. Kuɗin ciniki suna asusun banki da sunan marigayin, babu mai ikon taɓa su. Masu bin sa bashi sun bayyana, waɗanda yake bi sun yi ɓatan dabo, lissafin da zai raba gardama kuwa a kansa yake, ya tafi da shi. Kafin magada su gama sintiri tsakanin banki da kotu, kuɗin haya ya ƙare, yaran shago sun kama gabansu.

Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar ya nuna cewa a ƙarshen shekarar 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, mafi yawansu kuma a hannun mutum ɗaya suke. Ko sana'a za ta rayu bayan mai ita, ya danganta ne ƙwarai da abubuwa biyu da akan ɗauka ba su da alaƙa: irin rajistar da aka yi mata, da kuma tanadin da mai ita ya yi game da abin da zai bari.

Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ita ta maye gurbin ta 1990, kuma a ƙarƙashinta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ke aiki. Yawancin ƙananan 'yan kasuwar da ke yin rajista, ta sunan kasuwanci suke yi, domin ta fi sauƙi da araha, tana kuma ba mutum damar buɗe asusun banki da sunan shagonsa. Sai dai a idon doka, sunan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne. Bashin shago bashinsa ne, ana iya bin sa har gidan da yake kwana; idan ya rasu kuma, babu wani abu mai zaman kansa da ya saura sai kaya da kuɗi da za a haɗa cikin tarika.

Kamfani kuwa doka tana ɗaukar sa tamkar wani mutum dabam. Yana mallakar kadara da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi, kuma mutuwar wanda ya kafa shi ba ta kashe shi. A da sai mutum biyu sun haɗu kafin a kafa kamfani, abin da ya sa wasu ke aron sunan ƙane ko aboki, aron da yakan zama rigima daga baya. Dokar 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa nasa shi kaɗai, da jarin da bai gaza naira 100,000 a rubuce ba, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa sakatare.

Rajistar kamfani ba hanyar kauce wa rabon gado ba ce. Abin da take sauyawa shi ne abin da za a raba. A ɗauka Musulmi ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya, kamfaninsa kuma yana da hannun jari 100,000. Matar za ta sami sumuni, wato 12,500; kowane ɗa namiji 35,000; 'yar kuma 17,500. Kowa ya karɓi haƙƙinsa cif, ba tare da an sayar da injin niƙa ko an yanka shago gida huɗu ba. Amma akwai tarko a nan. Idan marigayin shi kaɗai ne darakta, shi kaɗai ke sa hannu a banki, to kamfanin yana raye a takarda ne kawai har sai kotu ta ba da izini. Shi ya sa lauyoyi kan ba da shawarar naɗa darakta na biyu tun mai dukiya na da rai. Kamfani kuma yana da nasa nauyi, na haraji da miƙa wa CAC bayanan shekara-shekara, kuma hukumar kan soke sunayen waɗanda suka daɗe ba su miƙa ba.

Masu haɗa jari da baki, bisa amana, su ma suna da abin lura. Ƙa'idar da aka gada daga dokar Ingila ta 1890 ita ce haɗin gwiwa na rushewa da mutuwar ɗaya daga cikin abokan, sai idan sun yi yarjejeniyar akasin haka.

Batun gado a Najeriya ya fi na rajista sarƙaƙiya, domin tsari uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: shari'ar Musulunci, da dokokin gargajiya, da rubutattun dokoki irin na Turawa. A shari'ar Musulunci, daga dukiyar mamaci ake fara fitar da hidimar jana'iza, sannan basussuka, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ake rabawa bisa kason da Suratun Nisa'i ta fayyace. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Wannan sulusin ne ƙofar da mutum ke da ita don tunawa da ɗan riƙo, ko yaron shagon da ya yi masa hidima shekara ashirin, ko wani aikin waƙafi. Wanda ke son mallaka wa wani cikin 'ya'yansa shago, kyauta ce hanyarsa, yana raye da lafiyarsa. A mazhabar Malikiyya kuma kyautar kan ɓaci idan mai bayarwa ya rasu wanda aka bai wa bai karɓe ta a hannunsa ba. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya batutuwan wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a jihohin da ke da ita.

Inda tsarin biyu suka yi karo, kotuna sun sha fama. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, a 1971, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta a ƙarƙashin Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da cewa rabon da ke cikinta ya saɓa wa na Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka mayar da Musulmi kan ƙa'idar shari'arsa. Darasin ya fi shafar Bahaushen da ke kasuwanci a Kudu, mai gida a Agege da gona a Katsina: takarda ɗaya tana iya samun karɓuwa a wata jiha, ta gamu da cikas a wata. A ɓangaren gargajiya kuma, hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Ukeje ya soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon mahaifinta, bisa hujjar cewa ta ci karo da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki.

Wasiyyar da za a yi a ƙarƙashin rubutacciyar doka sai ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sanya wanda aka bar wa wani abu, ko matarsa, ya zama shaida; wasiyyar na iya tsayawa, amma shi ya rasa rabonsa. Ana iya ajiye ta a sashen kula da wasiyya na Babbar Kotun jiha. Ko Musulmin da ba ya nufin taɓa rabon farilla yana da abin rubutawa: ya naɗa wasiyyi, ya lissafa kadarorinsa da asusunsa, da wanda yake bi da wanda ke bin sa, da amanar mutane da ke hannunsa.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu, cewa wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa, shi ne zai karɓi kuɗin mamaci. Wannan suna na tuntuɓa ne kawai, ba ya mallaka wa kowa ko kwabo. Banki yakan nemi shaidar kotu ta tabbatar da wasiyya, ko kuma takardar izinin kula da dukiyar mamaci idan babu wasiyya. Haka Dokar Fansho ta 2014 ta tanada game da kuɗin da ma'aikaci ya tara. Samun takardar kan ɗauki watanni, ana kuma biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar.

Rajistar sunan kasuwanci mutum na iya yin ta da kansa a shafin intanet na CAC. Tsara ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar abokan jari, da rubuta wasiyya, su ne wuraren da kuɗin lauya ke biyan kansa. Ga Musulmi kuma ya fi dacewa lauyan ya san shari'ar Musulunci, ko a haɗa shi da malamin da ya ƙware a ilimin rabon gado. Marasa hali suna iya neman shawara a ofisoshin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jihohi, da cibiyoyin ba da shawara kyauta na tsangayoyin shari'a a wasu jami'o'i, yayin da Ƙungiyar Mata Lauyoyi, FIDA, ta yi suna wajen tsaya wa matan da mazajensu suka rasu da marayu. Mai zuwa ganin lauya zai rage wa kansa zirga-zirga idan ya tafi da takardun filaye da gidaje, da shaidar rajistar CAC, da jerin asusunsa na banki, da sunayen matansa da 'ya'yansa baki ɗaya, har da na auren da ya mutu.