Jan maɓallin da ke jikin ƴar rediyona

Jika huɗu na biya a kasuwar Madawa na sayi ƴar baƙar rediyon nan da ba ta wuce tafin hannuna ba. Tana kama tashoshi, tana da fitila a ka, a gefenta kuma akwai ƴar kafa da ake zura katin memori. Mai shagon ya zuba mini Shata da Ɗanƙwairo da karatun Alƙur'ani. Da ita nake ban ruwan albasa a fadamar Tarka, in rataye ta a reshe, caji ɗaya ya kai ni la'asar.

Abin da ke cikin katin shi ake kira MP3, wata dabara ta matse sauti da masana a Jamus suka yi fice wajen ƙirƙirowa, ta bazu a shekarun 1990. Minti ɗaya na waƙa yakan ci kusan mega ɗaya, don haka katin giga 2, wanda bai kai farce girma ba, yana ɗaukar sauti na fiye da awa 30. Kaset ɗin da muka tashi da shi minti 60 ne ko 90, kuma sai an juya shi.

Ta irin wannan kati, da bulutut na salula, waƙa ta riƙa yawo a jihar Tawa daga fada zuwa fada, daga tasha zuwa tasha. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan arewacinmu, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008. Hannu da hannu suka zagaye Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011. Yau mutumin yana wasa a Turai da Amurka.

Amma ni abin da ya fi mini daraja a jikin na'urar shi ne jan maɓallin ɗaukar murya, wanda yawancin masu ita ba su taɓa dannawa ba.

Mu Adarawa mun san darajar murya, domin ƙasar ƴan cin rani ce. Ina yaro a ƙauyenmu na yankin Keita, da an gama girbi maza sai su nufi Abijan ko Najeriya. Babanmu bai iya rubutu ba, kaset yake cikawa da magana ya ba mai dawowa gida. A aro rediyo, a sayi batir, gida duka a zauna a tabarma. Ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi lafiyar jakinsa, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko. Innarmu takan sa a maimaita sau uku.

Ita kuwa tana cikin matan da suka yi aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya bayan fari. Maza ba sa gari, mata ne suka ɗebo duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tsaunuka don tare ruwa, suka dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Wani dare na ajiye rediyon a gabanta na ce, "Inna, ba ni labarin aikin duwatsu." Ta dubi abin ta ce, "Wanga ɗan abu shi ka riƙe magana?" Da ta ji muryarta ta fito, sai ta gyara zama. Dare huɗu muka yi. Ta faɗi sunayen abokan aikinta, ta rera waƙar da suke yi a kan hanya, ta lissafa kakanninmu har bakwai.

Wata biyar bayan rasuwarta na kai katin wani shago a Buza don a ƙara mini wa'azi. Yaron shagon ya ce katin ya cika, ya goge shi kaf kafin in buɗe baki. Dare ɗaya kawai ya tsira, wanda na taɓa tura wa ƙanena a Abijan ta WhatsApp. Har yau idan na tuna sauran ukun, abinci ba ya shiga.

Shi ya sa nake gaya wa duk mai irin wannan na'ura: katin waƙa daban, katin muryar iyali daban, kuma na biyun kada ya je shago. Kada a zare kati ana cikin ɗauka. A yi hattara da kati mai arha da aka rubuta masa giga masu yawa, domin akwai na jabu da ke cinye abin da aka zuba. Kowace murya a ajiye ta wuri biyu, a kuma nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi.

Mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, zauna kusa da su yau bayan isha'i, ka danna jan maɓallin nan, gobe da safe ka tura wa ɗan'uwanka kwafi.