Ƙugun Soja da Hannun Mai Ɗori

Soja ba ya cewa wayyo a bainar jama'a. Amma ka lura da shi lokacin da zai sauko daga bayan mota a shingen bincike tsakanin Kuryar Madaro da Ƙauran Namoda: sai ya fara dafa ƙugu kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Rigar sulke da bindiga da harsasai suna rataye a jikinsa tun asuba, ga jijjigar babur a kan burji da yashi. Haka abin yake ga Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, balle 'yan mazan jiya da suka ajiye kaki, ciwon bai ajiye su ba.

A wajenmu, mai ciwon baya hanya uku yake bi. Ko ya je kemis a haɗa masa ƙwayoyi, daga nan wasu ke zarcewa zuwa tiramol. Ko wanzami ya yi masa ƙaho. Ko ya nufi gidan mai ɗori. A can za a kwantar da shi rub da ciki a tabarma, a murza bayan da man shanu, a danna har ya yi ƙas. Sai ya miƙe yana cewa ƙashi ya koma mazauninsa.

Turawa ma suna da irin wannan sana'a, suna ce mata kairofiraktik. Wani mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na Amurka, yana iƙirarin cewa gocewar ƙashin baya ce uwar yawancin cututtuka. Wannan iƙirari bai tsaya a gaban bincike ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne batun ciwon ƙugu. A 2000 majalisar dokokin Amurka ta tabbatar da aikin a asibitocin soja, a 2004 kuma asibitocin tsofaffin sojoji suka fara ɗaukar masu yin sa. A 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji da Christine Goertz ta jagoranta a kan sojoji 750 masu ciwon ƙugu. Rabi sun samu maganin asibiti kaɗai, rabi an ƙara musu da gyaran hannu. Bayan mako 6, kashi na biyu sun fi samun sauƙi. Sauƙin dai matsakaici ne, ba wanda aka mayar ɗan shekara ashirin.

Shi kuwa ƙas ɗin nan da ake jin daɗinsa, ba ƙashi ne ya koma ba. Iska ce a ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsa. Abin da ke kawo sauƙi shi ne sakin naman da ya ɗaure da motsa gaɓar da ta sandare. Yawancin ciwon ƙugu ma yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni in mutum ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Kwanciya kwana da kwanaki ce ke daɗa shi.

Ban raina masu ɗori ba. Sana'ar gado ce, kuma a ƙauyen da zuwa asibiti ke nufin ratsa hanyar da kowa ke tsoro, su ne a kusa. Amma hannu ba ya gani, jikin soja kuwa ba kamar na kowa ba ne. Wanda motarsa ta taka nakiya ko ya faɗo daga babur na iya samun tsagewa a ƙashin baya yana tafiya da ƙafarsa. Wani akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa. A danna irin wannan baya, sai a wayi gari ƙafafu sun mutu. Murɗa wuya da ƙarfi ma na iya yaga jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, ko da yake ba kasafai ba.

Don haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko harbi, in ƙafa tana mutuwa ko tana ja, in tsakanin cinyoyi ya daina ji, in fitsari ko bayan gida na kubcewa, to kada a bari kowa ya taɓa kafin a ɗauki hoto. Haka in akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yakan ci ƙashin baya, kuma ba baƙo ba ne a Arewa. Maganinsa ƙwayoyi ne na watanni, kyauta a asibitin gwamnati.

Masu kairofiraktik ba su da yawa a Najeriya. Wanda ya fi kusa da aikinsu shi ne likitan gashin ƙashi, wanda ke haɗa tausa da ɗumi da atisayen ƙarfafa ƙugu. Akwai su a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da asibitin ƙashi na Dala a Kano, da asibitin soja na 44 a Kaduna. Daga Ƙaura, Gusau ce ta fi kusa, tafiyar safe a dawo kafin la'asar in hanya ta yi kyau.