Katin hoto don tsohuwar kwamfuta: a fara duba wuta kafin a duba kuɗi

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake sayarwa a Maraɗi, Damagaram da Yamai na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da ofisoshin Turai suka sallama. Mai son haɗa bidiyon biki ko wasa yakan ƙara masu katin hoto, wanda masu gyara ke kira carte graphique.

Matsalar ita ce wuta. Akwatin wutar waɗannan injina ƙarami ne, sau da yawa bai kai watt 300 ba, kuma ba shi da wayar da manyan katuna ke buƙata. Ramin PCIe kansa watt 75 kawai yake bayarwa. Saboda haka katin da ya dace shi ne wanda ramin zai ciyar shi kaɗai: GT 1030 mai cin watt 30, ko GTX 1050 Ti ta 2016 da GTX 1650 ta 2019, masu cin 75. In kwamfutar siririya ce, sai gajeren kati, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba.

Yawan giga da ke jikin kwali yana ruɗin mutane. GT 1030 iri biyu ce, galibi giga 2, amma mai DDR4 ta fi mai GDDR5 nauyin tafiya nesa ba kusa ba. Akwai kuma jabu, tsofaffin GTS 450 da aka sauya wa suna. Manhajar GPU-Z tana tona asirinsu, don haka a gwada a shago kafin a biya.

Mai tsohon allo na VGA kuwa ya tanadi adafta.