Cututtukan da Sauro da Kaska ke Ɗaukowa daga Dabba zuwa Mutum

Wasu cututtuka suna zama a jikin dabbobin gida, sauro ko kaska su ɗauko su su kai wa ɗan Adam. A ƙauyukan arewacin Kano, irin na ƙasar Dambatta da Bichi da Kunchi da Minjibir, tazarar da ke tsakanin mutum da dabba kaɗan ce. Gonaki sun haɗe da juna, babu dajin kiwo, don haka da zarar shuka ta fito sai a ɗaure awaki da tumaki a turke cikin gida har a yi girbi. Garken yana jikin ɗakin kwana, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini yana bayan katanga cike da ruwan damina. Biyu daga cikin waɗannan cututtuka sun fi shafar masu irin wannan zama.

Ta farko ita ce zazzaɓin Rift Valley, wanda aka gano a jikin tumaki a Kenya a 1931. Akwai sauron da ke zuba ƙwai a ƙasar fadama mai danshi, ƙwan ya daɗe bayan ƙasar ta bushe yana ɗauke da ƙwayar cutar, sai shekarar da ruwa ya yi yawa ya ƙyanƙyashe. Alamar cutar a garke ita ce ɓari. Tumaki da awaki masu ciki su yi ta zubar da 'ya'ya a lokaci guda, ƙananan kuma su yi ta mutuwa. A 2016 cutar ta ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, wajen Cintabaradan, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa watan Oktoba mutum 28 sun rasu, akasarinsu makiyaya. A 2000 ma ta tsallaka teku ta shiga Saudiyya da Yaman. Wanda ya san yawan dabbobin da ke shigowa daga Nijar ta Maigatari da Mai'aduwa su bazu a kasuwanninmu ba zai ce Tawa ta yi nisa ba.

Duk da cewa sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, yawancin mutanen da suka kamu ta hannunsu suka ɗauka. Uwargida ce ke ciro ɗan akuyar da ya mutu a ciki, ta kwashe mabiyiya da hannu ta jefa a juji. Idan rago ya kwanta ciwo, maigida kan yi maza ya sa masa wuƙa kada ya zama mushe, a feɗe a raba wa maƙwabta. A jinin nan da ruwan haihuwar nan ƙwayar take. Mafi yawan masu kamuwa zazzaɓi da ciwon jiki kawai suke yi su warke, amma wasu kaɗan takan taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta jawo zubar jini.

Ta biyu ita ce zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaska ke ɗauka, musamman babbar nan mai zane-zane a ƙafafu da ke maƙalewa a hantsar saniya, ƙarƙashin wutsiya, ko a jikin raƙumi. An fara bayaninsa a yankin Kirimiya a 1944. A Nijeriya, masu bincike na Jami'ar Ibadan sun wallafa a 1970 cewa sun samu ƙwayarsa a jinin dabbobin gida da jikin kaska, har da bushiya. Wani binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna alamunsa a jinin wasu masu zazzaɓi a jihar Borno. Sharrin wannan cuta shi ne dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna komai, tana cin abincinta lafiya lau. Mutum kuwa, kwana ɗaya zuwa uku bayan cizon kaska sai zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai da na baya da jan ido, daga baya haɓo ya ɓalle ko dasashi ya riƙa jini. Cikin kowane ɗari da suka kwanta, 10 zuwa 40 kan rasu, kuma mai jinya na iya ɗauka ta jinin majinyaci. Yaron da ke cire wa sa kaska ya murtsuke ta da farce, da mahauci a kwata, su ne a sahun gaba.

Abin da ya sa ba a cika jin sunayen cututtukan nan ba shi ne, a karkara kowane zazzaɓi ko maleriya ne ko taifot. A sayi magani a kemis, idan mutum ya tashi shi ke nan, idan ya rasu a ce kwana ya ƙare. Aikin masu bincike shi ne su bi kasuwannin dabbobi da mayanka, su ɗebi jini, su tara kaska a kwalba, su kafa tarkon sauro, su kai ɗakin gwaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna cikin masu wannan aiki. Wasu masu dabbobi kan ƙi yarda a taɓa musu dukiya don zargin wata manufa, alhali jinin tunkiya ɗaya na iya tona cutar kafin ta kwantar da mutanen gida.

Kariyar ba ta da tsada. Kaskar da aka cire a jefa ta wuta ko cikin kananzir. Mai karɓar haihuwar dabba ya sa safar hannu, ko leda idan babu, ya binne ɓarin da zurfi yadda kare ba zai tono ba, sannan ya wanke hannu da sabulu. Dabbar da aka sayo don kiwon layya a yi mata maganin kaska da shawarar malamin dabbobi aƙalla mako biyu kafin yanka. Madara a tafasa ta, nama a dafa shi sosai, a kuma kwana cikin gidan sauro. Idan dabbobi da yawa suka yi ɓari a unguwa ɗaya, a sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wanda zazzaɓi ya kama bayan fiɗa ko cizon kaska ya tafi asibiti ya faɗa wa likita abin da ya taɓa, kuma ya guji asfirin, domin yana ƙara zubar jini.