Hutu a tsibiri: Kuɗaɗen da tallan rahusa ba ya ambata

Farashin da ake liƙawa a tallan hutun Zanzibar ba kasafai yake nuna dukkan ɗawainiyar ba. Mutumin Tambuwal ko Kebbe tun daga gida lissafinsa ke farawa: motar Sakkwato, jirgin Abuja, sannan fasfo, wanda mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun Satumbar 2025. Ga biza, ga inshorar dole ta dala 44 da Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024.

Tsibirin Gore na Senegal kuwa, ɗan Najeriya na shiga babu biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS. Tafiyar kimanin minti 20 ce a jirgin ruwa daga Dakar. Sai dai tikitin zuwa Dakar ɗin shi ke lashe yawancin guzurin.