Famfon Zafi: Na'urar Da Ke Ɗumama Gida Ba Tare Da Ƙona Kome Ba

A ƙasashen arewacin Turai, inda rana kan faɗi tun wajen ƙarfe uku na yamma a watan Disamba, tafkuna kuma su daskare har mutane su bi ta kansu da ƙafa, ɗumama ɗaki batu ne na rai da mutuwa. Magidanci a can yakan yi lissafin kuɗin ɗumi kamar yadda magidancin nan ke lissafin hatsin shekara. Tun kaka da kakanni kuwa hanya ɗaya suka sani, watau a ƙona wani abu, da fari itace, sa'an nan kwal, daga baya mai da iskar gas. Amma ga shi yanzu wata na'ura tana ta shiga gidajensu wadda ba ta ƙona kome. Masu ita suna kiranta da sunan da ma'anarsa ita ce famfon zafi.

Hanyar da aka saba

Kafin a gane bambancin, ya kamata a san abin da take neman maye gurbinsa. A Birtaniya yawancin gidaje suna da wata tukunyar ƙarfe mai aiki da gas, wadda ke dafa ruwa ya yi zafin digiri 60 zuwa 80, sa'an nan ta tura shi cikin bututu zuwa wasu allunan ƙarfe da aka kafa a jikin bangon kowane ɗaki. A Amurka kuwa an fi amfani da murhun gas mai hura iska mai ɗumi ta cikin hanyoyin da aka bi da su a rufi ko a ƙarƙashin daɓe, in bazara ta zo kuma sai a kunna iyakwandishan, wanda shi na'ura ce dabam.

Duk waɗannan suna da iyaka guda wadda ba su iya ƙetarewa, ita ce ba za su ba da zafin da ya wuce wanda ke cikin makamashin da suka ci ba. Tukunyar gas ta zamani takan mai da kashi 90 da 'yan kai cikin 100 na ƙarfin gas ya zama ɗumi, saura ya bi hayaƙi. Hitar lantarki, irin wadda ake dafa ruwan wanka da ita lokacin hunturu, takan ba da awo ɗaya na zafi a kan kowane awo ɗaya na wutar da ta sha.

Dabarar famfon

Shi famfon zafi aikinsa irin na ɗan garuwa ne. Ɗan garuwa ba ya ƙirƙirar ruwa, ɗebo shi yake yi daga inda yake ya kai inda ake bukata, ladan ɗauko kawai ake biyansa. Duk wanda ya taɓa bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya ga wannan dabara, domin zafin da ya ji shi ne wanda aka zaro daga cikin abinci aka zubar waje. Haka kuma wanda ya wuce ta bayan iyakwandishan da rana ya ji hucin da ke fitowa, zafin ɗakin ne aka kwaso. To, in aka juya na'urar ta riƙa kwaso zafi daga waje tana zubawa cikin ɗaki, an sami famfon zafi ke nan.

A nan mai karatu zai yi tambaya, wane zafi ne za a samu a waje alhali ƙanƙara ta rufe ƙasa? Amsar masana kimiyya ita ce, zafi ba ya ƙarewa ƙaf a jikin abu sai ya kai digiri 273 ƙasa da sifiri. Sabo da haka iskar da ke digiri 5 ƙasa da sifiri, ko da yake tana sa haƙora kaɗawa, akwai sauran zafi mai yawa a cikinta. Abin da ake bukata shi ne wani abin da ya fi ta sanyi, tun da yake kullum zafi daga mai ɗumi yake gangarawa zuwa mai sanyi.

Wannan abu shi ne wani ruwan sinadari da ke zagayawa cikin bututun na'urar. Wani irinsa yakan tafasa a digiri 42 ƙasa da sifiri. Sa'ad da ya bi ta bututun da ke waje sai ya tafasa ya zama tururi, yana zuƙe zafin iskar, kamar yadda raɓar da ke tsattsafowa a jikin randa ke ɗauke zafin ruwan ciki in ta bushe. Daga nan kwampireso, wanda shi ne ke shan wutar lantarki, ya matse tururin har ya yi zafi ƙwarai, kamar yadda famfon keke ke ɗaukar zafi in an daɗe ana bugawa. Tururin mai zafi ya shiga bututun cikin gida ya saki zafinsa ga iskar ɗaki ko ga ruwa, ya koma ruwa-ruwa, sa'an nan ya ratsa wata 'yar ƙofa matsattsa wadda ke sassauta matsin, ya huce ya sake fita waje. A yawancin irin waɗanda ke hura iska akwai wani makulli da ke juya hanyar sinadarin, don haka na'ura ɗaya ce ke ɗumama gida da sanyi, ta sanyaya shi da bazara.

Da yake ladan ɗauko kawai wutar lantarki ke biya, famfo mai kyau yakan ba da awo uku zuwa huɗu na zafi a kan awo ɗaya na wuta. Wasu ba daga iska suke ɗiba ba, sai daga ƙarƙashin ƙasa ko daga kogi, inda ɗumin ba ya sauyawa sosai duk shekara.

Tsohuwar dabara ce

Wani masanin Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana wannan tunani tun 1852. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka wani injiniya, Peter von Rittinger, ya gwada shi a wurin dafa gishiri a Ostiriya. A 1938 aka ɗumama zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan da zafin da aka janyo daga ruwan kogin Limmat, domin ƙasar ba ta da wadatar kwal. Amma muddin mai da gas suna da araha, mutane ba su damu ba. Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973 tukuna aka waiwayo.

Tarihi ya maimaita kansa a 2022. Kafin Rasha ta kai wa Yukren yaƙi a wannan shekara, wajen kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke saye daga waje daga Rasha yake zuwa. Da aka tsuke bututun, kuɗin ɗumi ya gagari talakawa da yawa, aka kuwa sayar da famfon zafi wajen miliyan 3 a Turai cikin shekarar. A Amurka ma a 2022 cinikinsa ya zarce na murhun gas. Abin mamaki shi ne ƙasashen da suka fi sanyi su ne a gaba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna a rahotonta na 2022 cewa wajen kashi 60 cikin 100 na gine-ginen Norwe suna da shi, a Suwidin da Finlan kuwa sama da kashi 40. Norwe tana samun kusan dukan wutarta daga madatsun ruwa, ta kuma hana ɗumama gidaje da mai tun daga 2020.

Inda gizo ke saƙa

Kowane allazi da nasa amanu. Na farko shi ne tsadar saye da kafawa, wadda ta ninka ta tukunyar gas. Wannan ya sa gwamnatin Birtaniya ta fara ba magidanta a Ingila da Wales gudummawar fam 5,000 a 2022, ta ƙara zuwa fam 7,500 a 2023. Na biyu, in sanyi ya tsananta ribar takan ragu, ƙanƙara kuma takan taru a bututun waje har sai na'urar ta tsaya ta narkar da ita. Na uku, famfon ya fi yin aiki da ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 55, sabo da haka tsohon gida mai yoyon iska sau da yawa sai an gyara tagogi da rufi, an kuma sa allunan ƙarfe manya. Ba ya ba da zafi farat ɗaya kamar tukunyar gas, a hankali yake aiki dare da rana.

Babban abin dubawa kuwa shi ne farashin wuta. Inda awo ɗaya na lantarki ya ninka na gas sau huɗu, ribar famfon takan tafi a biyan kuɗin wuta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ciniki ya ja baya a Turai a 2023 da 2024 bayan gas ya sauko. Har wa yau wasu sinadaran da ke cikinsa, in sun yi yoyo, sun fi hayaƙin gas ɗumama duniya sau wajen dubu biyu, abin da ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 za su rage amfani da su.

A Nijeriya, inda zafi ne abokin gaba, rabin wannan na'ura ya riga ya shiga ofisoshi da gidajen masu hali, tun da iyakwandishan famfon zafi ne mai tafiya hanya ɗaya. Sauran rabin ma yana da wurin zama, domin akwai irin da aka ƙera don dafa ruwa, wanda ke janyo zafi daga iska, ya sha kamar sulusin wutar da hita ke sha. Asibiti ko otal da ke dafa ruwan wanka da wanki kullum safiya da wutar janareto, alhali iskar tsakar gidansa tana digiri 35, ya kamata ya zauna ya yi wannan lissafi.