Mataimakin likita: daga takardar nema zuwa ranar ganawa

A asibitocin Amurka da Ingila akwai wani ma'aikacin lafiya wanda ba likita ba ne, ba kuma mai jinya ba. Yakan saurari maras lafiya, ya duba shi, ya nemi a yi masa gwaji, amma ƙarƙashin kulawar likita. Jami'ar Duke ce ta soma wannan horo a 1965, a hannun Dokta Eugene Stead, da tsofaffin masu jinyar sojan ruwa, saboda ƙarancin likitoci.

Uban da ke shirin tura ɗansa ya sani cewa takardar bak kaɗai ba ta wadatar a galibin makarantun. Sai an riga an sami digirin farko, mafi yawa a ilimin halittu ko na lafiya. Daga nan karatun shekara 2 ne a Ingila, wajen wata 27 a Amurka, inda yawancin jami'o'i ke karɓar takardu ta hanya guda mai suna CASPA. Wasu ma ba sa duba takardar wanda bai yi awa 1000 yana hidimar marasa lafiya ba.

Wurin ganawa ne ake tankaɗe da rairaya. Makarantu da dama sun ɗauki tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙago: ɗalibi ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, mintoci kaɗan a kowane, da sabon mai tambaya. Nan a ce ya lallashi mutumin da ya fusata, can a tambaye shi abin da zai yi in maras lafiya ya ƙi magani, ko in ɗan'uwa ya nemi a faɗa masa sirrin mai ciwo. Haddar littafi ba ta fid da kowa a nan. Natsuwa ake aunawa, da iya saurare. Tambayar da ke kada mutane ita ce: me ya sa ba ka nemi likitanci ba? Wanda ya nuna cewa rashin uwa ne ya sa shi yin uwar ɗaki, ya rage wa kansa daraja.

Mai nufin Ingila ya ƙara lura. Tun Disamba 2024 hukumar likitoci ta GMC ke yi wa masu wannan aiki rajista, kuma a Yuli 2025 rahoton Farfesa Gillian Leng ya ba da shawarar a sauya musu suna, a kuma taƙaita ganin marasa lafiyar da likita bai tantance ba. Ɗalibi ya karanta rahoton kafin ranar ganawa, domin ana iya tambayarsa ra'ayinsa a kai.